Yadda Ake Karanta Hasashen Yanayi a Farkon Hunturu Kafin Tafiye-tafiyen Ƙarshen Shekara

Duk wanda ya buɗe manhajar yanayi a wayarsa cikin watan Disamba, ko a Kano yake ko a Katsina ko a Damagaram, hoton rana zai gani kwana bakwai a jere, babu girgije babu ruwa, sai ya ɗauka babu wani abin dubawa, ya rufe. Yawancin waɗannan manhajoji an tsara su ne domin ƙasashen da damuwarsu a wannan lokaci ita ce ruwan sama da ƙanƙara. Mu kuwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu ba ma jiran ruwa. Abin da ke sa yaro ya kwana yana tari, abin da ke hana jirgi sauka, da abin da ke mai da ɗan tartsatsi gobarar kasuwa, duk suna cikin wasu alƙaluma uku da ba kasafai ake kai ido gare su ba: sanyin asuba, nisan da ido ke iya gani, da yawan danshin da ya rage a iska. Wannan jagora kan yadda ake karanta su ne, da yadda ake tsara hidimar gida da ta tafiya a kansu, a daidai lokacin da makarantu ke hutun zangon farko, ma'aikata ke samun hutun Kirsimeti da na sabuwar shekara, ake kuma jera bukukuwan aure bayan an kai amfanin gona gida.

Mataki na farko: a san daga ina hunturu ke tasowa

Wanda bai san mafarin abu ba zai sha wahalar gane hasashensa. Iska iri biyu ce ke karɓa-karɓa a sararin Afirka ta Yamma: mai danshi da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, wadda ke kawo damina, da busasshiya da ke saukowa daga hamada ta arewa maso gabas. Akwai iyaka a tsakaninsu wadda ke hawa arewa da damina, ta kuma ja da baya da kaka. Tun wajen Satumba sai wannan iyaka ta fara gangarawa kudu, ta wuce Damagaram da Maraɗi, ta wuce Kano da Zariya, kafin ƙarshen Disamba ko cikin Janairu ta kusanci gaɓar teku. Duk garin da ta wuce ya shiga hannun iskar hamada. Shi ya sa mutumin Nguru ko Daura zai sa rigar sanyi makonni kafin mutumin Lokoja ya ji komai, shi kuma mazaunin Legas ko Fatakwal hunturunsa na 'yan kwanaki ne, ya zo ya tafi.

Ƙurar kuwa tana da gida sananne. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tashi, a arewacin Chadi, kusa da garin Faya Largo, wurin da a da can ƙasan wani makeken tafki ne wanda tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Kwarin yana bakin wata tazara tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, saboda haka idan matsin iska ya ƙaru a sararin Libiya da arewacin Sahara, iskar da ta matso ta wannan tazara takan fito da ƙarfi, ta kwashi ƙurar ta yi sama da ita. Wannan ne dalilin da ya sa hazon hunturu fari-fari ne ko toka-toka, ba ja ba kamar ƙurar da mota ke tayarwa a kan burji. Daga can zuwa arewacin Nijeriya ƙurar kan yi tafiyar kwana ɗaya zuwa biyu, kuma wannan tazara ita ce ribar masu hasashe, domin idan tauraron ɗan'adam ya nuna ƙura ta tashi a Chadi yau, ana da lokacin gargaɗin Maiduguri da Kano kafin ta iso.

Abin da za a riƙe a nan shi ne hunturu ba ya zuwa a shimfiɗe. Yana zuwa ne bugu-bugu: kwana uku ko huɗu na iska da hazo da sanyi, sai ya lafa, sama ta washe, rana ta yi ɗumi, sai kuma wani bugun ya biyo baya. Don haka tambayar da ta dace ba ita ce ko hunturu ya shigo ba, a'a, yaushe bugu na gaba zai iso, kuma ko zai dace da ranar tafiyata ko ranar ɗaurin auren da muka sa.

Mataki na biyu: a zaɓi wurin da za a riƙa jin hasashe

A Nijeriya hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki ita ce Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda ke fitar da hasashen kwana uku-uku da gargaɗi na musamman idan ana sa ran hazo mai kauri, gidajen rediyo da jaridu kuma su yaɗa. Tana da wani babban hasashe na shekara da take fitarwa a farkon kowace shekara, amma shi ya fi karkata ga damina da zafin bazara, ba shi ne zai gaya wa mutum yadda makon Kirsimeti zai kasance ba. A Nijar akwai hukumar yanayi ta ƙasa, ga kuma cibiyoyin nazarin yanayi na ƙasa da ƙasa guda biyu a Yamai, AGRHYMET da ACMAD. Wanda ke da intanet kuma yake son ganin taswirar ƙura da idonsa zai iya duba ta cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona a Sifen, wadda ke aiki ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, kuma taswirarta ta haɗa da yankinmu.

Manhajar waya ba abin yarwa ba ce, amma a san matsayinta. Alƙaluman da take bayarwa daga lissafin kwamfuta na duniya baki ɗaya suke fitowa, kuma ga ƙauyen da babu tashar awo kusa da shi, kintace ne. Takan yi kusa da gaskiya a zafin rana, takan kauce a sanyin asuba, musamman a fadama da bakin kogi inda sanyi ke taruwa. Shawarata ita ce a riƙi hukuma a matsayin tushe, manhaja ta zama ta biyu. Saƙonnin da ake turawa a WhatsApp masu cewa za a yi sanyin da ba a taɓa yi ba a rana kaza, ba tare da sunan hukuma ko kwanan wata ba, kada a gina komai a kansu, domin sau da yawa na bara ne ko na bariya aka sake jefowa.

Mataki na uku: a koyi karanta alƙaluman nan uku

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan zan fi daɗewa.

A fara da mafi ƙarancin zafi, wato ƙaramar lambar da ke kusa da babbar. Mutane sukan duba babbar, su ga digiri 30, su ce ai babu sanyi. A Kano cikin Disamba da Janairu rana takan kai wajen digiri 29 zuwa 31 a ma'aunin Salsiyus, amma da asuba a sauko wajen 13 ko 14, a kwanakin muku-muku kuma a kusanci 10. A Jos da tsaunin Mambila ana sauka ƙasa da 10, haka ma Agadas da garuruwan da ke cikin hamada. Tazarar digiri 15 ko fiye tsakanin asuba da azahar ita ce ke wahalar da jiki, ba sanyin kaɗai ba. Mafi tsananin sanyi kuma ba da tsakar dare yake ba. Daga kiran sallar farko ne zuwa fitowar rana, wadda a ƙarshen Disamba a Kano ba ta fitowa sai wajen bakwai saura kwata, domin a ranakun 21 da 22 ga watan ne dare ya fi kowane tsawo a shekara. Ma'aunin da nake amfani da shi a gidana mai sauƙi ne. Idan hasashe ya nuna 16 zuwa sama, bargo ɗaya ya wadatar. Idan ya nuna 12 zuwa 15, yara su kwana da rigar sanyi da safa, wankan safe kuma da ruwan ɗumi. Idan ya sauka ƙasa da 12, jarirai da tsofaffi da masu ciwon sikila ba sa fita sai rana ta ɗaga. Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane: daren da iska ta kwanta, sama ta washe taurari suka fito ras, shi ne sau da yawa ke wayewa da sanyi mai ratsa ƙashi, saboda babu abin da ke tare ɗumin ƙasa daga tserewa sama. Ranar da hazo ya rufe kuwa, da rana ne ake jin sanyin, domin hasken rana ba ya isowa da ƙarfi.

Na biyu shi ne nisan gani, wanda ake faɗa da mita ko kilomita. A sanarwar NiMet, idan aka ce hazo matsakaici, yawanci ana nufin ana iya hangen kilomita 2 zuwa 5. Idan aka ce hazo mai kauri, ana nufin mita 1,000 ko ƙasa da haka. Bambancin yana da girma. A kilomita 5 rayuwa na tafiya yadda ta saba, sai dai a share kujeru sau biyu a rana. A ƙasa da mita 1,000 jirage sukan fara jinkiri ko a soke tashinsu, direba ba ya ganin tirelar da ta lalace a gabansa sai ya kusa, mai asma kuma ya kamata maganin shaƙarsa ya kasance cikin aljihu. Wasu manhajoji suna ƙara lambar ingancin iska, inda za a ga PM10 da PM2.5, wato ƙwayoyin ƙura manya da ƙanana. Ƙananan ne ke wucewa har cikin huhu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2021 ta ɗauki 45 ga PM10 da 15 ga PM2.5 a matsayin iyakar matsakaicin yini, kuma a ranar hazo mai kauri garuruwanmu sukan ninka wannan sau da yawa.

Na uku shi ne danshin iska, wanda ake rubutawa da kashi cikin ɗari. Da damina yakan haura kashi 80. Da hunturu a arewa yakan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana, wani lokaci ya kusanci 10. Wannan lamba ita ce bayanin fashewar leɓe da faso da kaushi, da haɓon da yara ke yi, da ƙofar katako da ke tsagewa, da ɗan tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙarfen mota. Ita ce kuma ma'aunin haɗarin gobara. Idan danshi ya yi ƙasa da kashi 20, aka kuma ce iska za ta yi ƙarfi daga arewa maso gabas, to ranar ba ta ƙona shara ba ce, ba ta ƙona gona ba ce, ko da kuwa sama ta yi tas.

Mataki na huɗu: a raba shawara gida uku, gwargwadon nisan lokaci

Hasashe yana da iyakar ƙarfinsa. Na kwana ɗaya zuwa uku abin dogaro ne sosai. Na mako guda yana nuna alƙibla, amma rana na iya gocewa. Abin da ya wuce kwana 10 kuwa, babu mai iya cewa ranar kaza za a yi hazo a gari kaza, duk wanda ya faɗa kintace ya yi. Saboda haka kada a jira hasashe kafin a yi abin da aka san kowace shekara ana bukatarsa, kada kuma a yanke abin da ya dogara ga rana guda tun da sauran wata.

Tun cikin Nuwamba ake sayen bargo da kayan sanyi, kafin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni su ga an yi musu layi, a toshe tagogin da ke fuskantar gabas da arewa, a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin gida da na shago, a tanadi man kaɗanya ko basilin, a kuma karɓo wa masu asma da sikila maganinsu. Idan saura mako guda a yi tafiya ko biki, sai a fara bin hasashe kullum ana lura da ko wani bugu na tafe. Saura kwana uku ake yanke shawara: a tafi ranar da aka sa, ko a gabatar da ita da kwana ɗaya, ko a mai da walima cikin rumfa mai rufi. Da safiyar ranar kuma a sake dubawa, a haɗa da kiran wani da ke can inda za a je, domin wanda ke tsaye a Potiskum ya fi kowace manhaja sanin ko ana ganin hanya a Potiskum.

Manoma da malamai masu lissafin taurari suna da nasu tsarin, inda lokacin ɗari ke da taurari bakwai, kowane da kwana 13, ana farawa da Shaula wajajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai wajen sanin babban zangon da ake ciki, kuma ba ya karo da na hukuma. Shi yana faɗin lokaci, ita tana faɗin rana.

Mataki na biyar: tafiya ta mota da ta jirgi

Wata shekara, kwana biyu kafin Kirsimeti, na je tasha a Kano da duku-duku zan tafi Damagaram ta Daura da Kongolam. Motar ta cika tun kafin a idar da sallar asuba, fasinjoji suna ta matsa wa direban, wani dattijo mai rawani naɗe har hanci, ya tashi. Ya leƙa sama, ya nuna mana fitilar kan titi da ke tsallaken hanya, wadda haskenta ya zama kamar an rufe shi da farin ƙyalle, ya ce: "Ku yi haƙuri 'ya'yana, in ban ga wancan shagon sosai ba, ba zan ga jakin da ke tsallaka titi a Kazaure ba. Mu sha shayi rana ta ɗaga." Wani matashi ya ce, "Baba, ai muna sauri ne." Bai tanka masa ba, ya ci gaba da goge gilashin da tsumma mai ruwa. Sai wajen takwas muka tashi, a hanya kuma muka wuce motoci biyu da suka yi karo a wata kwana. Abin da dattijon ya yi da fitilar kan titi shi ne ainihin abin da ma'aikatan tashar awo ke yi: su dubi abu da aka san nisansa, su ga ko ana ganinsa.

Darasin da ke ciki shi ne a ranar hazo sammako ba alheri ba ne. Gani ya fi muni da sassafe, yakan ɗan gyaru idan rana ta ɗaga, saboda haka gara a tashi da hantsi a isa kafin magariba, wadda a wannan wata take yi tun wajen shida da 'yan mintoci. A kunna ƙaramar fitila ko da rana ne domin masu tahowa su gani, kada a kunna babbar, don haskenta dawowa yake yi cikin idon direba. A bar tazara mai yawa, a guji wuce mota inda ba a hangen gaba. A kula da hayaƙin ƙona daji da ke rufe hanya ba zato, musamman tsakanin Kaduna da Abuja da kuma hanyar Lokoja. Masu gangarawa kudu su sani cewa can wani abu ne daban ke jiransu da asuba, wato hazon raɓa mai danshi, wanda ke kwanciya a kwari da bakin kogi. Kafin tafiya a sa makanike ya bushe filtar iska ko ya canja ta, a duba batir domin mai rauni da sanyin safe yake mutuwa, a cika tankin ruwan wanke gilashi, kada kuma a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, domin karce gilashin take yi. A ajiye lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 122, da ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, 112.

Mai tafiya ta jirgi daga filin Malam Aminu Kano, ko Maiduguri, Sakkwato, Yola da Kaduna, ya sa a ransa cewa jinkiri a wannan lokaci abu ne da aka saba, kuma matuƙin da ya ƙi sauka saboda ba ya ganin titin jirgi ransa da na fasinja yake karewa. Ya duba hasashen garin da zai tashi da na wanda zai sauka, duka biyun. Idan akwai jirgin ƙasar waje da zai kama a Abuja ko Legas, kamar masu tafiya Umara a hutun Disamba, ya isa can kwana ɗaya kafin ranar, kada ya haɗa su rana guda. Masu zuwa ganin dangi a Tamale, Garwa, Marwa ko Injamena su ɗauki kayan sanyi kamar yadda za su ɗauka a gida, iskar ɗaya ce.

Mataki na shida: wuta a cikin gida

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa ni. A unguwarmu an taɓa samun wata mai jego da aka shigar wa da kaskon garwashi ɗaki don jariri ya ji ɗumi, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da tsumma saboda ƙura. Allah Ya sa surukarta ta leƙo kafin ta kwanta. Ta iske ta zaune a bakin gado ta dafe kai, tana cewa, "Inna, jiri nake ji, na kasa tashi," jaririn kuma ya yi laushi. Tsohuwar ta wangale ƙofa, ta fitar da kaskon da hannunta, aka kwashe su zuwa asibiti, suka rayu. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana shaƙa yana jin barci. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, a fita waje nan take. Ƙa'idar ba ta da sassauci: idan za a ɗumama ɗaki da garwashi, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareto ma haka, ba a kunna shi a zaure ko lungun da hayaƙinsa zai shiga ɗaki.

Sai kuma hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, wadda ta jawo asara mai yawa: an ɗauke wuta an manta da ita a jone, an dawo da wuta babu kowa. Duk daren da hasashe ya nuna sanyi mai tsanani da ƙarancin danshi, maigida ya zagaya da kansa kafin barci, ya kashe soket, ya tabbatar an kashe murhu da wutar jin ɗumi ta ƙofar gida. 'Yan kasuwa su cire komai daga wuta kafin rufe shago. Masu sola kuma su riƙa wanke faifan da sassafe ko da yamma, domin ƙura na rage wutar da yake tarawa.

Mataki na bakwai: lafiyar iyali da ta maƙwabta

Sanyi na ɓoye ƙishirwa, alhali busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki, don haka a riƙa sha ko ba a ji ƙishi ba. Ga mai sikila wannan da ɗumin jiki su ne kariyar farko daga tashin ciwo. A ranar hazo mai kauri a sa takunkumi, a shafa ɗan mai a bakin hanci don hana haɓo, a yayyafa ruwa kafin shara. Yaron da ke tari da zazzaɓi yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti za a kai shi a ranar, ba mura ba ce.

Lokacin sanƙarau ma da hunturu yake farawa, ya tsananta idan zafi ya shigo, domin ƙura da bushewa na raunana maƙogwaro da hanci, ga kuma cunkoso a ɗakin da aka rufe. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar duk suna cikin yankin da cutar ta fi addaba, kuma waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ba sa wasa da ita. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya da amai, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba sa jiran wayewar gari. Idan aka ga hasashe na nuna dare mai tsananin sanyi, a tuna da almajiran tsangayar unguwa da 'yan gudun hijira da masu gadi. Bargo da tsohuwar rigar sanyi a ranar suke da amfani, ba bayan sanyin ya wuce ba.

Mataki na takwas: gona, garke, da littafin awo na gida

Sanyin da ake gudu a gari shi ne abin da manomin alkama a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja ke roƙo. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so a shuka ta, domin ta yi 'ya'ya cikin sanyi. Wanda ya makara, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai riske ta tana cika ido, ta yi ƙanƙamo. Masu tumatir da albasa su ƙara lura da ban-ruwa a kwanakin iska, saboda ƙasa na bushewa da sauri duk da sanyin. Masu kiwo su kare garke da akurki ta gefen arewa maso gabas da zana ko buhu, su kuma yi wa kaji rigakafin annobar da ke kwashe su kowane hunturu tun kafin ta shigo gari. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na sarrafa irin wannan rigakafi, ana samunsa ta hannun malaman dabbobi.

Wannan sani zai ƙara zama dole a shekarun da ke tafe, domin watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, azumi da ƙaramar salla suna shigowa cikin hunturu, har a 2030 ana sa ran Ramadan zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Sahur da tahajjud da tafiye-tafiyen salla za su faɗo a tsakiyar sanyi da hazo.

Saboda haka yana da kyau kowane gida ya fara ɗan littafinsa. A sayi ma'aunin zafi mai araha a rataye shi a inuwa, nesa da bango mai ɗaukar rana da murhu. A zaɓi abubuwa biyu ko uku da ake hangowa daga ƙofar gida ko saman soro, a san nisansu ta taswirar waya: hasumiyar masallaci a mita 500, turken sadarwa a kilomita 1, mazauna birnin Kano kuma ga Dala da Goron Dutse. Kowace safiya bayan sallah a rubuta kwanan wata, da lambar da ma'aunin ya nuna, da abin da aka iya gani a cikinsu, sannan a rubuta abin da hasashe ya faɗa jiya a gefe. Cikin mako uku za a gane ko unguwar ta fi abin da manhaja ke faɗa sanyi da digiri biyu ko uku, a riƙa ragewa daga lambarta tun da dare kafin a yanke ko yara za su kwana da safa.